Wilma Rudolph: Yarinyar da shan inna bai hana gudu ba

Sana'ata nazarin harshe ce, don haka idan na ji suna nakan tsaya in dubi abin da ya ƙunsa. Sunan da Bahaushe ya ba cutar foliyo, wato shan inna, ya samo asali ne daga tsohon camfin nan cewa wata aljana mai suna Inna ce take shanye ƙafar yaro. Wanda ya yarda aljana ce ta yi ɓarnar kuwa, da wuya ya tuna da asibiti. Sai ya sallama, ya nema wa yaron ƙoƙon bara. Duk lokacin da na ga irin wannan sallamawa nakan tuna da Wilma Rudolph, shahararriyar 'yar tseren Amurka.

An haife ta ranar 23 ga Yuni, 1940, kusa da garin Clarksville a jihar Tennessee. Bakwaini ce, nauyinta bai wuce kilo biyu ba, kuma ita ce ta 20 cikin 'ya'ya 22 na mahaifinta, wanda ke ɗaukar kaya a tashar jirgin ƙasa, mahaifiyarta Blanche kuma tana aikatau a gidajen mutane. Ta sha fama da ciwon huhu da zazzaɓi, sannan tana wajen shekara biyar shan inna ya kama ta, ya raunana ƙafarta ta hagu. Allurar riga-kafin cutar ba ta fito ba sai a 1955.

Ga ciwo, ga talauci, ga kuma wariyar launin fata, domin a lokacin baƙar fata ba su da cikakkiyar damar jinya a garin nasu. Sai mahaifiyar ta riƙa ɗaukar ta a bas kowane mako zuwa asibitin kwalejin likitanci ta Meharry da ke Nashville, tafiyar kimanin kilomita 80, har tsawon shekara biyu. A gida kuma 'yan uwanta suka riƙa karɓa-karɓa wajen yi wa ƙafar tausa sau huɗu a kullum. Babu wani siddabaru a nan. Cutar tana lalata jijiyoyin da ke motsa tsoka, abin da ya mutu ba ya dawowa, amma tausa da motsa gaɓoɓi suna hana ƙafa ƙagewa, suna kuma ƙarfafa tsokar da ta tsira. Da haka ta fara takawa da takalmin ƙarfe, tana shekara 12 ta ajiye shi baki ɗaya.

Abin da gida ya fara, makaranta ce ta ƙarasa shi. A sakandaren Burt, wadda ta baƙar fata ce zalla, ta shiga ƙwallon kwando ta yi fice, har Ed Temple, mai horar da 'yan tseren mata a jami'ar jihar Tennessee, ya hango ta, ya jawo ta fagen gudu. A 1956, tana shekara 16, ta je gasar Olamfik a Melbourne ta ƙasar Ostireliya, ta samo lambar tagulla a tseren miƙa sanda. Ta haifi 'yarta ta fari a 1958, kafin ta shiga jami'a, abin da kan kawo ƙarshen karatun 'yan mata da yawa. Amma danginta suka riƙe mata jaririyar, ta ci gaba.

A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ta lashe zinare uku: mita 100, mita 200, da tseren miƙa sanda na mutum huɗu. Ita ce Ba'amurkiya ta farko da ta yi haka a wasannin guje-guje a gasa guda. Da garinsu ya shirya mata tarba, sai ta kafe cewa ba za ta halarta ba muddin za a ware farare da baƙaƙe. Aka bi ra'ayinta, bikin ya zama taron gari na farko da kowa ya zauna tare a Clarksville.

Ta bar tsere a 1962, tana shekara 22 kacal. A 1963 ta kammala digiri a fannin koyar da firamare, ta kuma ziyarci Senegal, Ghana, Gini, Mali da ƙasar da yanzu ake kira Burkina Faso. Ta koma ta koyar a firamaren da ta yi, ta horar da yara gudu, a 1981 kuma ta kafa gidauniyar koya wa yara wasanni. Ciwon daji na ƙwaƙwalwa ya yi ajalinta ranar 12 ga Nuwamba, 1994, tana da shekara 54.

Ba ina cewa duk yaron da ya shanye zai zama zakara ba ne. Rauni ya bambanta, wani ko an yi iya yi sai ya dogara da keke. Abin lura shi ne, babu wanda ya san iyakar yaro sai an gwada. Mu a Arewa mun san wannan cuta fiye da kowa. Mun ga yadda dakatar da riga-kafi a Kano da wasu jihohi a 2003 ya sa ta sake bazuwa, mun kuma ga ranar da aka bayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar a watan Agustan 2020. Sai dai waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, wasunsu a bakin danja. Duk wanda ya taɓa kallon guragu suna buga ƙwallo da hannu bisa katako mai taya a Kano ya san ba ƙwazo suka rasa ba.

Tambayata ga 'yan uwana 'yan boko ita ce: makarantun da muke biya wa 'ya'yanmu kuɗi masu yawa, nawa ne suke da filin wasa? A cikin masu filin, nawa ne suke barin yarinya, balle mai ɗingishi, ta shiga? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wilma ta samu uwa da ba ta gaji ba, da 'yan uwa masu haƙuri, da malamin da ya dubi saurinta maimakon tabon ƙafarta. Babu ɗaya cikin ukun nan da ya fi ƙarfinmu.