Hanns Vischer (Ɗan Hausa)

Hanns Vischer (an haife shi ranar 14 ga Satumba, 1876, ya rasu ranar 19 ga Fabrairu, 1945), wanda aka fi sani da Ɗan Hausa a arewacin Najeriya, ɗan mishan ne da ya koma jami'in mulkin mallaka na Ingila, kuma matafiyi ne kuma malami. Asalinsa mutumin Suwizalan ne, daga baya ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila. Shi ne ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a shekarar 1909, wadda ake ɗauka a matsayin tushen makarantun boko na gwamnati a Arewa, kuma shi ne daraktan ilimi na farko na yankin. Ana tunawa da shi saboda yadda ya rungumi harshen Hausa da al'adun Hausawa, har aka laƙaba masa suna irin na ɗan gida, alhali yana cikin Turawan da ke mulkin ƙasar.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Vischer a birnin Basel na ƙasar Suwizalan, a cikin wani tsohon gidan attajirai masu cinikin siliki, waɗanda suka riƙe addinin Kirista da ƙarfi. Ya tashi da Jamusanci da Faransanci. Ya yi karatu a Suwizalan da Jamus, sannan ya tafi Ingila ya shiga kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Cambridge, daga nan ya yi karatun addini a Ridley Hall. A waɗannan shekarun masu wa'azin Kirista na Ingila sun sa ido ƙwarai kan ƙasar Hausa, har an fara koyar da Hausa a Cambridge. Masu niyyar zuwa kan fara sauka a Tarabulus ta Libiya, inda akwai Hausawa fatake da alhazai da 'yantattun bayi, su koyi harshen daga bakin masu shi. Vischer ma ta wannan hanya ya bi.

Zuwansa Najeriya

A shekarar 1900 wata tawagar ƙungiyar mishan ta CMS, a ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, ta isa Kano, amma Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba. Suka juya kudu, suka yi zango a Girku a ƙasar Zazzau, daga baya suka koma Loko a bakin kogin Binuwai. A Loko ne Vischer ya same su a 1901, ya yi aiki tare da Likita Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya. Bai daɗe a aikin mishan ba ya bar shi.

A 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin Arewa a zamanin Gwamna Lugga. Aka tura shi Borno a matsayin ƙaramin jami'in mulki. A can ya ƙara da Barbarci a kan Hausa da Larabcin da yake ji.

Ƙetare Sahara

A watan Yuli na 1906, da zai koma bakin aiki bayan hutu, sai ya zaɓi ya bi tsohuwar hanyar fatake ta hamada maimakon jirgin ruwa. Ya tashi daga Tarabulus da ayarin raƙuma, ya bi ta Murzuk da Bilma, ya isa tafkin Chadi a ƙarshen shekarar. Yawancin abokan tafiyarsa alhazai ne masu dawowa daga Makka, da 'yantattun bayi masu son komawa ƙasashen da aka rabo su da su. Watannin da ya yi yana ci yana sha tare da waɗannan mutane sun ƙara masa sanin harshensu da halayensu. Ya rubuta labarin tafiyar a littafinsa Across the Sahara from Tripoli to Bornu, wanda aka buga a 1910.

Makarantar Nassarawa

Lokacin da Turawa suka zo, Arewa tana da dubban makarantun allo da na ilimi, kuma Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba. Don haka gwamnati ba ta so ta bar karatun boko a hannun 'yan mishan a ƙasashen Musulmi, ga shi kuma tana bukatar malaman ofis da na haraji. A 1908 Gwamna Percy Girouard ya ɗora wa Vischer aikin tsara ilimi. Kafin ya fara, sai da ya je Masar da Sudan da ƙasar da ake kira Gana a yau, ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can.

A 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas, ya buɗe makaranta a Nassarawa, a bayan ganuwar birni. Da malamai manya ya fara, waɗanda suka riga suka yi karatun Muhammadiyya, aka koya musu karatu da rubutun boko da lissafi da labarin ƙasa don su koyar da wasu. Daga baya aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna, da makarantar elementare, da sashen sana'o'in hannu, da na awon ƙasa. Baitulmalin Kano ya taimaka da kuɗi, kuma an kawo ɗalibai daga larduna daban-daban.

Manufarsa ita ce yaro ya yi karatun boko ba tare da ya fita daga al'adar iyayensa ba. Da Hausa ake koyarwa, azuzuwan ginin ƙasa ne, ɗalibai suna sa tufafinsu na gida, malaman addini kuma suna karantar da Alƙur'ani da Larabci. Duk da haka jama'a ba su saki jiki da makarantar nan da nan ba, har wasu masu sarauta sukan tura 'ya'yan barorinsu a maimakon nasu. Cikin waɗanda suka yi karatu a Nassarawa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina kuma ya rubuta littafin Ganɗoki.

Rubutun boko

Kafin zuwan Turawa da ajami ake rubuta Hausa. Vischer yana cikin waɗanda suka tsaya kan a yi amfani da baƙaƙen boko a makarantu da ofisoshin gwamnati. A 1912 ya fitar da ɗan littafin ƙa'idojin rubutu mai suna Rules for Hausa Spelling. Baƙaƙe masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun shigo ne daga baya, a shekarun 1930. A kan wannan harsashi aka gina aikin Hukumar Fassara da Talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939.

Sunan Ɗan Hausa

Hausawa sun saba laƙaba wa Turawan mulki suna. Kyaftin Abadie na Zariya shi ne Mai Jimina, Cargill na Kano Mai Gunduma, Sharwood-Smith kuma Mai Wandon Ƙarfe. Waɗannan sunaye suna nuna wani abu da aka ga mutum da shi, ko wani aiki da ya yi. Na Vischer ya bambanta, domin ya danganta shi da mutanen ƙasar ne kai tsaye. Ya kuma bambanta da na Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, wanda shi ya zaɓar wa kansa sunan Abdulkarim don sauƙin tafiya.

Abin da ya jawo masa laƙabin shi ne ƙwarewarsa a harshe da irin zaman da ya zaɓa. Ya zauna a gidan ƙasa mai zane da zanko irin na masu sarautar Kano, wanda ya gyara ya faɗaɗa da hannun magina Hausawa. Matarsa Isabelle, ita ma 'yar Suwizalan, ta zauna tare da shi a gidan, ta kuma rubuta littafi da Faransanci kan zamansu a Arewa, wanda ya fito a 1917.

Amma zamansa Ɗan Hausa yana da iyaka. Bai bar addininsa ba, bai bar matsayinsa na jami'in gwamnatin da ta ci ƙasar da yaƙi ba, kuma yana da ikon tafiya duk ranar da ya so. Za a fi ganin wannan idan aka dubi Dorugu, ɗaya daga cikin malaman makarantar. Dorugu Bahaushe ne daga ƙasar Damagaram wanda aka kama bauta yana yaro, aka 'yanta shi a Kukawa, ya bi Barth har Ingila a 1855, ya taimaki J. F. Schön wajen rubuta littattafan Hausa irin su Magana Hausa. Ya rasu a Nassarawa a 1912. Dukansu biyu sun rayu a tsakanin al'adu biyu, sai dai ɗaya da son ransa ya shiga, ɗayan kuwa bauta ce ta fitar da shi daga gida.

Bayan barin Najeriya

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, Vischer ya shiga sashen leƙen asiri na sojan Ingila, ya kai muƙamin manjo. Bayan yaƙin bai koma aikinsa na Arewa ba. Daga 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka na Landan shawara kan ilimi. Takardar manufa da kwamitin ya fitar a 1925 ta nemi a daidaita karatu da al'adu da harsunan mutanen kowace ƙasa, ra'ayin da ya riga ya jarraba a Kano. Yana cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka ta ƙasa da ƙasa a Landan a 1926, ya kuma riƙe mata sakatare janar. An ba shi lambar girma ta Sir a 1941. Ya rasu a Newport Pagnell ta Ingila yana da shekara 68.

Abin da ya bari

Masana tarihi sun rabu kan aikinsa. Masu yabonsa suna cewa ya girmama harshen Hausa da addinin ɗalibansa a zamanin da Turawa da yawa ke raina su, kuma hakan ne ya sa boko ya samu gindin zama a ƙasar Musulmi. Masu sukarsa suna cewa son da yake yi wa al'adar Arewa ya dace da bukatar gwamnatin mallaka ta ganin abubuwa sun tsaya yadda suke: makarantun kaɗan ne, sun fi karkata ga 'ya'yan manya, kuma an jinkirta koyar da Turanci, abin da ya ƙara tazara tsakanin Arewa da Kudu. Suna kuma nuna cewa boko ya ture ajami daga harkokin gwamnati, sannan ɗaliban da ba Hausawa ba, kamar Nufawa da Barebari, da Hausa aka karantar da su, ba da harsunansu ba. A ganinsu, Bature ne ya yanke irin Bahaushen da makaranta za ta fitar.

Daga tsarin Nassarawa ne makarantun larduna suka fito, sannan Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1921, wadda ta koma Kaduna, daga nan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. Gidan da ya zauna yana nan a Nassarawa da sunan Gidan Ɗan Hausa. A yau gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, kuma ɗalibai da baƙi suna ziyartarsa.