Richard Bellman, masanin da ya sa gobe cikin lissafi

A filin tarihin masana yau mun ɗauko Richard Bellman, gwanin lissafi ɗan Amurka. An haife shi a birnin New York a 1920, ya samu digirin dakta a jami'ar Princeton a 1946, daga baya ya yi aiki a cibiyar bincike ta RAND.

Tambayar da ta dame shi, ai mu nan Adar mun san ta sarai. Bayan kaka, magidanci a Keita ko Tabalak yana tsaye gaban rumbu: dami nawa za a ci, nawa za a sayar, nawa za a bari iri? In ya kuskure, kafin damana ta faɗi gida ya shiga bashi. Bellman ya nuna cewa darajar kowane mataki ita ce abin da ya kawo yau, haɗe da mafi alherin da za a iya samu daga halin da ya bar mutum ciki. Shi ya sa ake faro lissafi daga ƙarshe, a dawo baya. Ya bayyana wannan a littafinsa na 1957.

Bisa wannan ƙa'ida kwamfuta ke koyo yanzu: ta gwada, ta ci riba ko ta yi hasara, ta gyara. Ta haka manhajar AlphaGo ta doke Lee Sedol, gwanin wasan Go mai kama da dara, a 2016.

A 1973 aka yi wa Bellman aikin ƙari a ƙwaƙwalwa, jikinsa ya naƙasa, amma bai ajiye alƙalami ba har ya mutu a Los Angeles ran 19 ga Maris 1984.