Walter Travis, Dattijon da Sandarsa ta Raba Kan Ingila da Amurka

A wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, abin da ke burge ɗan kallo shi ne bugun farko, inda ɗan wasa zai zage ƙarfinsa ya maka ƙwallo ta tashi sama ta yi nisa. Amma 'yan wasan sun san ba a nan ake cin gasa ba. Ana cinta ne a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, inda ake gangara ƙwallo a ƙasa har ta faɗa wani ɗan rami mai faɗin milimita 108. A filin da aka ƙiyasta wa gwani bugu 72 a rami 18, bugu 36 na wannan gangarawar ne, wato rabi cif. Sandar da ake wannan aiki da ita, bari mu kira ta sandar ƙarasawa, ita ce ta ɗaukaka sunan Walter Travis, ita ce kuma ta jawo masa rigimar da ta fi shi tsawon rai.

An haifi Travis a ranar 10 ga Janairu 1862 a garin Maldon, wani garin masu haƙar zinariya a jihar Victoria ta ƙasar Ostareliya. Ya yi aiki da wani kamfanin kayan ƙarfe da na gini a Melbourne, kamfanin ya tura shi New York yana saurayi don ya kula da harkokinsa a can. Ya yi aure a 1890, ya zama ɗan ƙasar Amurka. Duk wannan lokaci babu ruwansa da golf.

Sai a 1896, yana dab da cika shekara 35, ya sayi sandunan wasan a wata tafiya da ya yi zuwa Ingila, ya dawo ya fara koyo a Long Island. A wannan shekarun wasu ke tunanin ajiye wasa, shi kuwa a nan ya fara. Gemu dai ba ya hana ilimi. Bai ɗauki malami ba, littattafai ya karanta, ya riƙa fita shi kaɗai yana maimaita bugu ɗaya har sai ya gane abin da ke sa ƙwallo ta kauce. Abokan wasansa samari suka laƙaba masa sunan Dattijo.

Mutum ne siriri, ba shi da ƙarfin damtse, kuma bai yaudari kansa ba. Ya san a nisan bugu ba zai taɓa kamo samari ba, sai ya tattara hankalinsa inda ƙarfi ba ya amfani. Shekara biyu da farawa ya kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar 'yan sha'awa ta Amurka, wato ta waɗanda ba kuɗi suke wasa dominsa ba. Ya ci gasar a 1900, ya sake ci a 1901 da 1903. A 1901 ɗin ma da sabuwar ƙwallo mai zuciyar roba ta Haskell ya yi wasa, a lokacin da manyan 'yan wasa ke yi mata kallon raini. A 1902 ya zo na biyu, kunnen doki da wani, a babbar gasar Amurka da ƙwararru ke shiga.

To, ina maganar sanda? A zamanin, yawancin sandunan ƙarasawa ƙirarsu ɗaya ce: ana haɗa ƙotar da kan sandar ta gefe ɗaya, ta wajen dunduniya, kamar yadda sandar hoki take. Wani injiniya na kamfanin General Electric mai suna Arthur Knight, mazaunin garin Schenectady a jihar New York, ya gaji da yadda ƙwallonsa ke kauce wa rami. Sai ya ƙera wata mai faffaɗan kai na alminiyam, ya dasa ƙotar kusan a tsakiyar kan, kamar guduma. Ya yi mata rajistar mallaka a 1903, sunan garinsu ya bi ta.

'Yan sashen injiniya ba sai an yi musu dogon bayani ba. Idan ƙota tana gefe, ƙwallo kuma tana haɗuwa da sanda a tsakiya, akwai tazara tsakanin layin da hannu ke riƙe da inda ake bugu, kuma wannan tazarar tana sa kan sandar ya nemi murɗewa. Idan aka kawo ƙota tsakiya, hannu da nauyin kai da ƙwallo duk sun hau layi guda, ido ma ya fi saurin saiti. A bugun mita uku, ɗan karkacewar da ido ba ya gani ya isa ya sa ƙwallo ta wuce ta gefen rami.

A 1904 Travis ya tafi Ingila gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya, a filin Royal St George's da ke Sandwich. Babu baƙon da ya taɓa cin wannan gasa. A kwanakin gwaji hannunsa ya ƙi, ƙwallo ba ta shiga rami. Dab da fara gasa wani Ba'amurke abokin tafiyarsa ya ara masa sandar Schenectady, nan take abu ya daidaita. Ya riƙa kayar da gwanayen Birtaniya ɗaya bayan ɗaya, da baƙar sigarinsa a baki, ba ya fara'a, ba ya hira. A wasan ƙarshe ya haɗu da Edward Blackwell, wanda ya yi suna wajen nisan bugu. Kusan a kowane rami ƙwallon Blackwell ce a gaba, amma da an iso lallausar ciyawa sai Travis ya zura tasa daga nesa. Ana lissafin wannan gasa rami-rami ne, kuma ya gama da shi da ratar rami huɗu, saura uku a tashi. Yana da shekara 42 a lokacin.

Nasarar ba ta yi wa masu gida daɗi ba, shi ma Travis ya koma da ƙorafin cewa ba a karɓe shi da mutunci ba, bai kuma koma kare kambunsa ba. A 1910 hukumar St Andrews ta Sikotilan, mai tsara dokokin wasan, ta haramta sanduna masu ƙirar guduma, har da ta Schenectady. Maganar ta taso ne daga tambayar da wani kulob na New Zealand ya aika, amma Amurkawa da yawa suka ce ai haushin 1904 ne ake hucewa. Hukumar golf ta Amurka ta ƙi bin wannan hukunci a kan Schenectady. Haka aka zauna, sanda ɗaya halal a New York, haram a Landan, har 1951 da hukumomin biyu suka zauna suka daidaita dokokinsu. A lokacin Travis ya yi shekara 24 a kabari.

Bai tsaya a wasa kaɗai ba. Ya rubuta littafin koyar da golf a 1901, ya kafa mujallar The American Golfer a 1908, ya kuma tsara filayen wasa da dama, ciki har da Ekwanok a jihar Vermont. Yana da shekara 53, a 1915, ya sake cin gasar yankin New York. Ya rasu a Denver ranar 31 ga Yuli 1927, aka binne shi a garin Manchester na Vermont, kusa da filin da ya tsara.

Har gobe mai neman sandar ƙarasawa yana fuskantar zaɓin da Travis ya fuskanta: siririn kai ko faffaɗa, ƙota a gefe ko a tsakiya. Masu sayarwa suna da gwaji mai sauƙi. A ɗora ƙotar a kan yatsa ta daidaita. Idan fuskar sandar ta kalli sama, ta dace da mai tura hannu a miƙe. Idan bakinta ya rinjaya ƙasa, ta dace da wanda hannunsa ke ɗan zagayawa. Babu wadda ta fi wata, sai dai wadda ta dace da hannun mai riƙe ta.

A nan ne darasin yake ga ɗalibin da zai sayi kayan aikinsa na farko, ko zai zaɓi na'urar da zai yi aikin kammala karatu da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Travis ya fara gane rauninsa, sannan ya nemi abin da zai toshe shi, bai damu da wai manya ba sa amfani da irinsa ba. Amma kada a manta, bayan 1904 mutane sun yi ta rububin sayen Schenectady, kuma ba kowa ne a cikinsu ya zama Travis ba. Sandar ta taimaka, ba shakka, sai dai hannun da ya riƙe ta ya riga ya yi shekara takwas yana gangara ƙwallo zuwa rami kafin ranar Sandwich.