Mary Delany, Tsohuwa Mai Furanni a Baƙar Takarda

Wannan makon mun kawo muku tarihin wata Baturiya mai suna Mary Delany. An haife ta a Ingila a shekarar 1700. Tana da shekara 17 danginta suka aurar da ita ga Alexander Pendarves, mutumin da ya kusa shekara 60. Ba ta son auren, amma babu wanda ya saurare ta. Da ya rasu sai ta zauna ba aure har 1743, lokacin da ta auri Patrick Delany, wani malamin coci ɗan ƙasar Ailan. Wannan karon ita ta zaɓa da kanta. Shi ma ya rasu a 1768.

Aikin da ake tunawa da ita a kansa bai fara ba sai da ta haura shekara 70, wato sa'ar kakanninmu. An ce wata rana ta ga guntun jar takarda kusa da wani jan fure, launinsu iri ɗaya sak. Sai ta ɗauki almakashi ta yanka takardar da siffar furen. Daga nan ta riƙa ajiye fure na gaske a gabanta, ta yayyanka takardu masu launi ƙanana-ƙanana, ta manna su a kan takarda baƙa wuluk. Wani furen sai ya ci guntaye fiye da ɗari kafin ya kammala. Kowanne kuma tana rubuta masa sunansa na kimiyya.

Me ya sa ta zaɓi baƙa? Ku dubi allon ajinmu. Farin alli yana fitowa ne saboda allon baƙi ne. Furen tumfafiya, wadda ke cike a gefen hanyar Kaura zuwa Shinkafi da Zurmi, fari ne da ɗigon shunayya. Idan muka zana shi a farar takardar littafi, farin sai ya ɓace, a bar mu da layin fensir kawai. A baƙar takarda kuwa sai ya yi kamar an haska masa tocila. Ita da almakashi ta yi nata, amma mu masu fensir mai launi za mu iya aron dabarar. A fara shafa farin fensir, sannan a ɗora ja ko rawaya a kansa, don in ba haka ba baƙin yakan shanye launin. Wanda bai samu baƙar takarda ba, kwali mai ruwan ƙasa ma yana yi.

Ta yi kusan shekara goma tana wannan aiki har idanunta suka yi rauni. Ta tsaya a kan fure 985, saura 15 kacal su cika 1000. Sarkin Ingila George na Uku ya ba ta gida a Windsor, ta rasu a 1788. Furanninta suna ajiye a gidan tarihi na British Museum a Landan.