Marigayi Vicente Feola: Mai Horar Da 'Yan Ƙwallon Da Birazil Ta Ɗora Wa Laifi

A cikin tarihin wasan ƙwallon ƙafa da wuya a sami mutumin da ya ga daɗin nasara da ɗacin zargi kamar marigayi Vicente Feola na ƙasar Birazil. Shi ne mai horar da 'yan wasan da ya fara kai wa ƙasarsa kofin duniya a shekarar 1958. Shi ne kuma wanda magoya baya suka ɗora wa laifi bayan shekara takwas, sa'ad da aka fitar da Birazil daga gasar tun a zagayen farko.

An haifi Feola a birnin Sao Paulo cikin watan Nuwamba na shekarar 1909. Iyayensa mutanen Italiya ne, suna cikin ɗimbin baƙin da suka yi ƙaura zuwa Birazil don neman abinci. Ya taɓa wasan ƙwallo a ƙuruciyarsa, amma bai yi suna a fili ba. Inda Allah ya yi masa baiwa shi ne wajen tsara aiki da iya zama da mutane. Tun cikin shekarun 1930 ya shiga hidimar ƙungiyar ƙwallo ta Sao Paulo, wani lokaci yana horar da 'yan wasa, wani lokaci yana aikin ofis. Ya ci wa ƙungiyar gasar jihar Sao Paulo a 1948 da 1949, ya kuma ja ragamarta a wasanni fiye da 500. A 1957 ya yi aiki tare da Bela Guttmann, mutumin ƙasar Hangari, wanda ya zo wa ƙungiyar da sababbin dabarun kai hari.

Ba za a fahimci nauyin da aka ɗora wa Feola ba sai an san halin da Birazil take ciki a wancan zamani. A 1950 ita ce ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya, mutanenta sun sakankance kofin ya zama nasu, sai ga Yurugai ta cinye su da ci 2 da 1 a filin Maracana, a gaban 'yan kallo kusan 200,000. A 1954 kuma Hangari ta fitar da su da ci 4 da 2. Har mutanen ƙasar suka fara cewa 'yan wasansu gwanaye ne, amma zuciyarsu takan karaya ranar da ake bukatarta.

Saboda haka hukumar wasanni ta ƙasar, a ƙarƙashin shugabancin Joao Havelange, ta yi wa gasar 1958 shiri irin wanda ba a saba gani ba. Aka naɗa Paulo Machado de Carvalho shugaban tawaga, aka haɗa shi da likita, da likitan haƙori, da mai kula da ƙarfin jikin 'yan wasa, da masanin halayyar ɗan Adam. Tun kafin tafiya likitan tawagar, Hilton Gosling, ya je ƙasar Suwidin ya zaɓi masauki. Aka ba Feola aikin horarwa. Mutane da yawa sun yi mamakin wannan zaɓi, domin kuwa akwai waɗanda suka fi shi suna. Shi mutum ne mai ƙiba, mai sanyin hali, ba ya hayaniya, kuma ba ya ƙin shawara.

A Suwidin, Birazil ta ci Ostiriya 3 da nema, ta yi kunnen doki da Ingila ba wanda ya jefa ƙwallo. Wasa na uku da Tarayyar Sobiyet ne, ran 15 ga watan Yuni, a nan ne Feola ya yanke hukuncin da ya fi kowane muhimmanci a rayuwarsa. Masanin halayyar nan ya ba da shawara kada a sa wasu samari biyu: Pele, wanda shekarunsa 17 ne kawai, yana kuma fama da ciwon gwiwa kafin gasar, da Garrincha, mai karkatattun ƙafafu. Feola ya saurare shi, sa'an nan ya sa su duka biyu, ya ƙara da Zito a tsakiyar fili. Birazil ta ci 2 da nema. Daga nan ta ci Wales 1 da nema, ta ci Faransa 5 da 2. Ran 29 ga watan Yuni ta kara da Suwidin mai masaukin baƙi a wasan ƙarshe. Suwidin ce ta fara jefa ƙwallo, amma aka tashi 5 da 2, Vava ya jefa biyu, Pele biyu, Zagallo ɗaya. Har yau Birazil kaɗai ce ƙasar da ba ta Turai ba da ta ci kofin duniya a nahiyar Turai.

Tsarin da Feola ya yi amfani da shi, watau mutum huɗu a baya, biyu a tsakiya, huɗu a gaba, tare da Zagallo yana komowa baya don taimaka wa na tsakiya, ya bazu a duniya bayan gasar. Amma a gida yabon ya fi karkata ga 'yan wasa. Aka riƙa yaɗa labari wai Feola yakan yi gyangyaɗi a kan benci ana tsakiyar wasa, wai kuma manyan 'yan wasa ne suka tilasta masa ya sa Pele da Garrincha. Waɗanda suka yi aiki da shi sun musa zancen barcin, suka bayyana cewa mutum ne marar cikakkiyar lafiya, yakan runtse ido in ciwo ya taso masa. Duk da haka labarin ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Bayan wannan nasara ya kai Birazil matsayi na biyu a gasar ƙasashen Amurka ta Kudu a 1959, ya kuma horar da ƙungiyar Boca Juniors ta ƙasar Ajantina a 1961. Rashin lafiya ya hana shi zuwa gasar 1962 a ƙasar Cile. Aymore Moreira ne ya maye gurbinsa, ya tafi da kusan dukan 'yan wasan da Feola ya tara, ya sake cin kofin. Wannan ya ƙara wa masu suka ƙarfi, suka ce ashe ko wa aka ba waɗannan 'yan wasa zai ci.

Da gasar 1966 ta gabato a ƙasar Ingila, sai aka sake kiran Feola. Mutanen Birazil sun ƙwallafa rai a kan cin kofin karo na uku a jere, domin ƙasar da ta ci sau uku za ta riƙe shi har abada. Amma shirin wannan karo ya sha bamban da na farko. Carvalho ba ya cikin tawagar. Manyan ƙungiyoyi kowace tana matsa lamba a ɗauki 'yan wasanta, har aka kira mutum fiye da 40, aka kasa su ƙungiya huɗu, aka riƙa yawo da su gari gari suna wasa don jama'a su gani. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Har aka isa Ingila ba a tsai da mutum goma sha ɗayan da za su fara wasa ba. An bar Carlos Alberto a gida, aka tafi da dattawan 1958: Djalma Santos mai shekara 37, Bellini mai 36, da mai tsaron gida Gilmar mai 35.

Duka wasanni ukun an yi su ne a filin Goodison Park da ke birnin Liverpool. Ran 12 ga watan Yuli Birazil ta ci Bulgeriya 2 da nema, Pele da Garrincha kowa ya jefa ɗaya, amma 'yan bayan Bulgeriya suka ji wa Pele ciwo. Feola ya hutar da shi a wasa na biyu, sai Hangari ta ci Birazil 3 da 1. Rabon da a ci Birazil a gasar kofin duniya tun 1954. Ganin haka Feola ya sauya mutum tara a wasan da za a yi da Fotugal ran 19 ga watan Yuli, har da mai tsaron gida, ya dawo da Pele bai gama warkewa ba. Kafin a yi minti 30 an jefa musu biyu. Wani ɗan bayan Fotugal mai suna Morais ya sake raunata Pele, alƙalin wasa bai kore shi ba. A lokacin doka ba ta yarda a canza ɗan wasa ba, sai Pele ya ƙarasa wasan yana ɗingishi. Aka tashi 3 da 1, Eusebio ya jefa biyu. Abin da ya ƙara wa mutanen Birazil takaici shi ne mai horar da Fotugal, Otto Gloria, ɗan ƙasarsu ne.

Jama'ar da suka kasa kunne ga rediyo a gidaje da dandali suka juya fushinsu kan Feola. Jaridu suka yi masa caa, aka tono tsohon zancen barci, aka ce tsufa da ciwo sun cinye shi. Wani sashe na sukar yana da tushe. Mutum 20 cikin 22 ya sa a wasa uku, kuma sauya mutum tara a rana ɗaya alama ce ta ruɗewa. Sanyin halin nan da ya sa ya iya haɗa kan gwanaye a 1958, shi ne ya hana shi tsaya wa shugabannin ƙungiyoyi a 1966. Amma ba shi ya rushe tsarin tawaga ba, ba shi ya tsara yawon gari gari ba, ba shi ya hana alƙalan wasa kare Pele ba. Magoya baya kuwa mai horarwa suke gani a bakin fili, ba sa ganin waɗanda ke zaune a ofis.

Feola bai sake horar da ƙungiyar ƙasa ba. Abin da ya biyo baya ya nuna inda kuskuren yake. Hukumar ta koma ga shiri na tsanaki, ta ba 'yan wasa isasshen lokacin atisaye kafin gasar 1970 a ƙasar Meziko, a gasar ne kuma aka fara yarda da canjin ɗan wasa da ba da katin gargaɗi da na kora. Birazil ta ci kofin karo na uku. Mai horarwar shi ne Zagallo, ɗan wasan Feola na 1958. Gerson, da Jairzinho, da Tostao, da Brito, waɗanda suka yi fice a Meziko, duk Feola ne ya fara kai su gasar kofin duniya a shekarar da aka zage shi. Tun daga 1966 har zuwa gasar 2022 ba a sake fitar da Birazil a zagayen farko ba.

Vicente Feola ya rasu a birnin Sao Paulo ran 6 ga watan Nuwamba, 1975. A cikin wasanni fiye da 70 da ya ja ragamar ƙungiyar ƙasarsa, sau 6 kawai aka ci shi. Biyu daga cikinsu sun faru ne cikin mako guda a Liverpool, da su kuma mutanen ƙasarsa da yawa suka auna dukan aikinsa.