Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa: Malamin Makarantar da ya Shata wa Nijeriya Hanyar Hulɗa da Duniya

Gabatarwa

Mu ɗaliban Hausa, da an ambaci Tafawa Ɓalewa sai littafin Shaihu Umar ya faɗo mana a rai. Amma marubucin nan shi ne kuma ya fara tsai da yadda Nijeriya za ta zauna da sauran ƙasashe. Wannan maƙala za ta waiwayi rayuwarsa ta wannan fuska.

Haihuwa da Karatu

An haife shi a ƙasar Bauchi a watan Disamba na 1912. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, sannan ya koma koyarwa a Makarantar Midil ta Bauchi. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya ƙaro ilimi a fannin koyarwa. Bayan ya dawo ya shiga majalisa, ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga nan Ministan Sufuri, sai Firayim Minista a 1957.

Duniyar da ya Tarar

Ranar 1 ga Oktoba, 1960, da aka sami 'yanci, duniya a rabe take gida biyu, Amurka da Tarayyar Sobiyat, kowa na neman mabiya. Tun kafin nan, Jawaharlal Nehru na Indiya, wadda ta sami 'yanci a 1947, ya fito da wata hanya ta uku, wato 'yan ba-ruwanmu, kuma taron Bandung na 1955 ya ƙarfafa ta. Kamar yadda Nehru ya yi, shi ma Ɓalewa ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a hannunsa, sai a 1961 ya miƙa wa Jaja Wachuku. Ranar 7 ga Oktoba, 1960, ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, inda Nijeriya ta zama ƙasa ta 99, ya bayyana cewa ƙasarsa za ta yi abota da kowa, ba za ta bi wani ɓangare ido rufe ba, kuma Afirka ce gaba a zuciyarta.

Matakan da ya Ɗauka

A 1960 ya tura sojoji Kwango ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A Janairun 1961 ya sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya da ƙasar ke yi a hamadar Aljeriya. A Maris na wannan shekara, yana cikin waɗanda suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba kan wariyar launin fata, har ta fice daga ƙungiyar Kwamanwel.

Game da haɗin kan Afirka kuwa, ya saɓa da Kwame Nkrumah na Gana, mai son a dunƙule nan take a yi gwamnati ɗaya. A ganin Ɓalewa, a fara da ciniki da sufuri da sadarwa, kowace ƙasa ta mutunta iyakar 'yar'uwarta. Wannan ra'ayi na rukunin Monrobiya shi ya yi rinjaye sa'ad da aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Addis Ababa a 1963. Dangantaka da Indiya ma ta yi armashi: Nehru ya ziyarci Legas a 1962, kuma hafsoshin Indiya sun taimaka wajen kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964.

Sukar da ya Sha

Masu suka sun ce ya cika jingina da Ingila. Babbar hujjarsu ita ce yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da ita, wadda ɗaliban jami'a suka yi wa zanga-zanga a Legas a 1960, har aka soke ta a Janairun 1962. Haka kuma da Turawan Rodeshiya suka ayyana 'yancin kansu a Nuwamban 1965, ƙasashen Afirka suka yanke shawarar yanke hulɗa da Ingila, shi ya ƙi. Maimakon haka sai ya kira taron Kwamanwel a Legas a Janairun 1966, karo na farko ke nan da aka yi shi wajen Landan.

Rasuwarsa

Ana wannan taro, Jihar Yamma na ci da wuta saboda rikicin zaɓen 1965. Kwanaki kaɗan da watsewar baƙi, ranar 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka yi juyin mulki, suka tafi da shi, daga baya aka tsinci gawarsa a bayan Legas. A Bauchi aka binne shi.

Kammalawa

Ko an yarda da taka-tsantsan ɗinsa ko ba a yarda ba, turbar da ya shata ta sa Afirka a gaba da aika sojojin kiyaye zaman lafiya, gwamnatocin baya sun daɗe a kanta. Sai dai ƙarshensa ya nuna mana cewa mai sasanta rikicin maƙwabta, wajibi ne ya fara kashe wutar gidansa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.