Robert Koch: Likitan da ya fara ganin ƙwayar tarin fuka

An haifi Robert Koch ranar 11 ga Disamba, 1843, a garin Clausthal na ƙasar Jamus, inda mahaifinsa yake aikin haƙar ma'adinai. Ya yi karatun likita a Jami'ar Göttingen, daga baya ya zama likitan gunduma a wani ƙaramin gari mai suna Wollstein. A can, cikin ɗakin gwajin da ya haɗa wa kansa a gida, ya tabbatar a 1876 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa antiraks, cutar da ke kashe dabbobi.

A zamanin, tarin fuka ne sanadin mutuwar kusan mutum ɗaya cikin bakwai a Turai, kuma likitoci da dama sun ɗauka gado ne. Wanda ya gaji cuta kuwa, ba a tunanin raba shi da kowa. Ranar 24 ga Maris, 1882, Koch ya tsaya gaban masana a Berlin ya nuna musu ƙwayar cutar a ƙarƙashin madubin likita, bayan ya rina ta da wani launi da ke fito da ita fili. Daga nan aka gane cewa ɗaukar ta ake yi, kuma ana iya samun ta a kakin majiyyaci tun kafin ya harbi na kusa da shi. Shi ya sa ake tunawa da wannan rana duk shekara a matsayin Ranar Yaƙi da Tarin Fuka ta Duniya.

Sai dai ya yi gaggawa a 1890, lokacin da ya sanar da wani sinadari mai suna tubakulin a matsayin magani. Majiyyata suka yi tururuwa zuwa Berlin. Bai warkar da su ba, wasu ma suka rasu, sunansa ya zube na ɗan lokaci. Wasu likitocin ne daga baya suka mayar da sinadarin gwajin fata, wanda har yau ake amfani da shi don gano wanda ƙwayar ta shiga jikinsa.

Aikinsa kan cutar barci a tsibiran Tafkin Victoria ma ya bar tabo, domin maganin da ya gwada a kan 'yan Afirka ya makantar da wasu daga cikinsu.

Ya karɓi lambar yabo ta Nobel a 1905, ya rasu a Baden-Baden ranar 27 ga Mayu, 1910. Shekara 110 bayan haka, da annobar korona ta cika asibitoci, aka karkatar da ma'aikata da na'urorin gwaji zuwa gare ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tarin fuka da aka gano aka kuma yi wa rajista sun ragu daga miliyan 7.1 a 2019 zuwa miliyan 5.8 a 2020, alhali cutar ba ta daina yaɗuwa ba.